Ginshiƙin Nu Na Uku

Filin Ono, 12 ga Satumba, 1961

Baffa Genzaburo,

Gaisuwa da ladabi. Zafi ya fara ja da baya a nan, shinkafa ta sunkuyar da kai. Ina fata sanyin Hokkaido bai riga ya fara taɓa maka gwiwoyi ba. Mu lafiya lau, sai surukata Inna Toyo da tari ya matsa wa.

Ba ka san ni ba. Ni ce Fumiyo, matar marigayi Sakuji ɗan Heikichi. Kai da Heikichi 'ya'yan wa da ƙani ne. Adireshinka a bayan wani tsohon katin sabuwar shekara na same shi, ban ma tabbata kana can har yanzu ba.

Ka dai ji labarin madatsar ruwa. Ƙauyenmu Ushirodani zai koma ƙarƙashin tafki baɗi, an ba mu fili a nan ƙasa. Inna ta ce ita ba za ta mutu a gidan da bai san ta ba, saboda haka muka warware tsohon gidan, aka loda katakonsa a motoci tare da na maƙwabta gida huɗu. Babu wanda ya sake sa wa komai alama, kowa cewa yake ai na dā sun sa. Yanzu ni da ita muna cikin rumfar kwano a gefen filin, muna jiran a tada gida.

To ga inda kaina ya ɗaure. Ba ni zan koya wa kafinta aikinsa ba, amma bari in faɗi yadda Morishita, kafintan da muka ɗauka, ya bayyana mini, sai ka gyara. Ya ce kowane ginshiƙi yana da baƙi da lamba a ƙafarsa. Baƙin shi ke nuna layinsa, bisa tsohon jerin baƙaƙen da ku kafintoci kuke bi, lambar kuma gurbinsa a layin. Gidanmu layi takwas ne, daga i zuwa chi. Ya jera su a ƙasa ya ƙirga har sau uku. Ginshiƙin layin ho na uku, wato na tsakiya wanda babbar azara ke hawa kansa, babu shi. Ga kuma wani bare da aka rubuta wa ぬ, nu, na uku, baƙin nan mai kama da igiyar da aka yar da ɗan ƙulli a wutsiya. Nu ai layi na goma ne, Baffa! Gidanmu bai kai can ba ko an haɗa da bayan gida.

Na ce masa, "To ba shi ke nan ba? Ɗaya ya ɓace, ɗaya ya bayyana, ka tura shi ciki mana."

Ya ce, "Haba uwar gida, ba tsintsiya ba ce fa. Ya fi 'yan'uwansa tsawo da taƙi guda, ga ramuka a jikinsa inda babu abin da zai shiga. Wannan na wani gida ne."

Sabo kuwa ba ya samuwa. Busasshen itacen kuri mai wannan kauri sai baɗi, ɗanye kuma ya ce zai murɗe da nauyin ƙanƙara ya danne mu.

Inna ta ce a ƙauyen ka koyi aiki, har ka taɓa gyara gidan nan kafin a kawo ta. Ta ce in ƙara da cewa ba ta taɓa zuba wa mai taurin kai irinka miya ba, amma ka san itace. Ƙarshen Nuwamba ƙanƙara ke sauka a nan. Rumfar nan ba za ta ɗauke ta ba, ƙirjin Inna ma haka. Ka taimaka mana da abin da ka tuna.

'Yarka,
Fumiyo

*

Katin gidan waya, Nayoro, 20 ga Satumba

Fumiyo, na samu. Lafiya ƙalau, ido ne ya ƙi. Nan dankali ake tonawa. Wannan nu ɗin ba na gidanku ba ne, na gidanmu ne. Kada wanda ya kuskura ya sa masa zarto. Kati ya cika, sauran magana tana tafe. Ki ce wa Toyo miyarta gishiri ya yi mata yawa.

Genzaburo

*

Filin Ono, 27 ga Satumba

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka sannu da ido. An fara yankan shinkafa. Tarin Inna yana nan, safiya ta fi wahalar da ita.

Katinka na karanta shi har ya yi laushi a hannuna, ban gane ba. Wane gidanku? Inna ta ce gidan mahaifinka ƙanƙara ta cinye shi tun kafin zuwanta, an ce ko tsinke bai rage ba, shi ya sa ta same ka a ɗakin bayan murhunmu. Gidan da ko tsinke bai rage ba, ina ya sami ginshiƙi? In kuwa gidanmu kake kira gidanku, to ginshiƙin namu ne ke nan, me ya sa ka ce ba namu ba ne?

Da na karanta wa Inna, sai ta miƙe zaune, abin da ba ta yi ba kwana biyar. Ta ce, "Ji min tsohon banza! Shekara hamsin da huɗu bai taka ƙauyen ba, sai yanzu ya tuna yana da gado? Cewa yake surukina ɓarawon itace ne?" Ban so in rubuta maka wannan ba, amma ta tsaya a kaina sai da na rubuta. Maganar gishiri kuwa ta ce ba ta taɓa ganin ka rage ba.

Na zaga gidaje huɗun nan ina neman ho na uku. Wasu sun riga sun tada nasu, sai na shiga ƙarƙashin daɓen katako da rarrafe ina leƙa ƙafafun ginshiƙai. Matar Okumura ta tarar da ƙafafuna a waje, ta ce, "Ke Fumiyo, in abinci kike so ai da ƙofa gidan." Kunya kamar in nutse. Babu namu a wurinsu, kuma babu wanda nasa ya ɓace. Mafi girman gidajen ma layi tara gare shi.

Jiya Morishita ya zo da zarto, wai tunda itacen ba shi da gurbi bari a fitar da dokin ƙofa daga jikinsa. Na hau kai na zauna. Ya ce, "Uwar gida, ƙwai kike kwanta wa?" Na ce umarni ne daga Hokkaido, ni ma ban san dalilinsa ba.

Baffa, in laifi aka yi maka a dā, ni ban sani ba, amma ka faɗa a fili. Muna jiran sauran maganar.

Fumiyo

*

Filin Ono, 16 ga Oktoba

Baffa,

Gaisuwa. Da fatan kana lafiya, don ban san me zan yi zato ba. Mu muna nan, raɓa ta fara ɗiga daga kwanon rumfa a kan bargon Inna.

Kullum sai na tari mai kawo wasiƙa a bakin hanya, har ya fara girgiza kai tun daga nesa. Na gane, maganar Inna ce ta ɓata maka rai, ni kuma wautata ta sa na rubuta. Ka yi haƙuri.

Morishita ya kafa abin da zai kafu, ya ce ba zai ɗora babbar azara a kan iska ba, ya tafi aikin wani gida. Inna kuma tun da ta ji itacen na gidan da aka mutu ne ba ta da magana sai tasa. "Ki fitar mini da shi! Tun ran da aka sauke shi nan komai ya tsaya. Mai shi ya ce nasa ne, a ba shi abinsa."

Na yi tunani na ga gaskiyarta. Ka ce na gidanku ne, ka ce kada a taɓa, ka kuma yi shiru. Ban ga abin da hakan ke nufi ba sai a maido maka. Yau da safe maza huɗu suka ɗora shi a amalanke muka kai tashar jirgin ƙasa, na naɗe shi da tabarmar kara. Ma'aikacin tasha ya ce me za a rubuta, na ce ginshiƙi ɗaya. Ya ce, "Sauran gidan fa, da ƙafa zai biyo baya?"

To abinka yana hanya. In ka huce, don girman kakanninmu, ka gaya mana inda ho na uku yake.

Fumiyo

*

Nayoro, 15 ga Oktoba

Fumiyo,

Ina gaishe ki, ki gaishe da Toyo, ki dafa mata citta. Wasiƙarki ta 27 ga Satumba sai jiya na karanta. Ranar da na aika kati, washegari ɗana ya kai ni asibiti aka cire mini yanar ido, mako uku kaina a naɗe kamar kabewa. Yanzu da na dama nake gani, na hagu yana shawara.

Ku mutanen ƙasa me ya sami kanku? Ki daina rarrafe a ƙarƙashin gidajen mutane. Babu wani ho na uku. Ho na uku ya ruɓe tun kafin a haifi mijinki, ni na ciro shi, muka dafa wake da shi. Wanda kika zauna a kansa shi ne ke tsaye a gurbin shekara hamsin da bakwai. Shekara nawa kika yi kina wuce shi? Duba, akwai ƙusa a jikinsa daidai kafaɗa, na san wani abu kike rataya a nan.

Ga yadda aka yi. Gidan mahaifina babba ne, layi goma. Ina da shekara goma sha bakwai, ina ƙetaren kogi wurin maigidana da ke koya mini kafinta, ƙanƙara ta zaftaro daga tsauni ta bi ta kansa. Mahaifiyata tana ciki, da ƙanwata Kiyo, shekararta tara. Da bazara ta yi muka hau, komai ya tafi kwari, sai ginshiƙi ɗaya tsaye a kan dutsensa. Masu cewa ko tsinke bai rage ba ba su hau ba ne.

Baffana, mahaifin Heikichi, ya ɗauke ni. Shekara ta zagayo aka kira maigidana gyaran ruɓaɓɓen ginshiƙi a gidanku, ni kuwa na jawo namu na ce da shi za a yi. Mutane ba sa son itacen gidan da aka mutu, amma Baffana bai hana ni ba, ya dai juya ya tafi gona. Ki gaya wa Toyo surukinta ba ɓarawo ba ne, mutumin kirki ne, ban kuwa taɓa gode masa ba.

Maigidana ya ce in rage tsawon in kankare baƙin in rubuta ho. Na ƙi. Ya kwaɗa mini alƙalamin gora a goshi ya ce, "Kai ɗan nema, wata rana wani zai zage mu saboda kai." Ashe ke ce. Maimakon in yanke, sai na mirgino dutsen gidanmu, don an sassaƙa ƙafar itacen daidai bayan dutsen, na binne shi ƙasa da sauran da taƙi guda. Daɓe ya rufe, babu wanda ya sani. Tsofaffin ramukan na gidanmu ne, na juya su wajen bango.

Saboda haka ki kira yaron nan Morishita. Ku ɗauko dutsen daga ƙauye kafin ruwa ya riga ku, ku sauke shi taƙi guda, ku tsai da itacen, ku ɗora azara. Aikin kwana biyu ne. Kin ga da kin riƙe shi da kyau, komai ya zo da sauƙi.

Baffanki,
Genzaburo

*

Nayoro, 28 ga Oktoba

Fumiyo,

Lafiyata lau, hankalina ne ban sani ba.

Jiya aka aiko daga tasha wai in je in karɓi kaya. Na ɗauka busassun 'ya'yan itacen kaki ne irin na gida, har na tafi da jaka a hannu. Wasiƙarki ta 16 kuwa tana aljihuna ban buɗe ba, ina jiran rana ta haska. A kan dandamalin tasha na karanta ta, ginshiƙin yana kwance a gabana.

Ke yarinyar nan! Wa ya ce ki aiko? Na ce kada a yanke, ban ce a kai shi yawon ƙasa ba. Kin ɗauki ƙashin bayan gidanki kin sa a jirgi, kin ƙetare teku da shi, kin bar tsohuwa a rumfa. Shekarata saba'in da biyar ban taɓa jin wanda ya yi wannan ba. Ita ma Toyo, baki kamar ƙararrawa, kai babu komai.

Ɗana ya ce a bar shi a tasha. Na ce a'a, raɓa. Muka kawo shi gida, bai shiga ɗakina ba sai da aka cire taga.

Na kwance tabarmar. Har yanzu yana warin hayaƙin ƙauye. A gefen da na juya wa bango akwai tsagi bakwai, na manta da su sarai. Mahaifiyata ce take tsai da Kiyo kowace sabuwar shekara ta tsaga da wuƙar girki. Na ƙarshen bai kai ƙirjina ba.

Na gaji. Zan sake rubutu.

Genzaburo

*

Filin Ono, 4 ga Nuwamba

Baffa,

Gaisuwa mai yawa, na yi murna da ido ya buɗe. Nan sanyi ya shigo, kan tsauni ya yi fari shekaranjiya. Inna ta daina cin shinkafa, sai kunu.

Wasiƙarka ta 15 ta iso kwana biyar bayan na kai shi tasha. Ashe a hanya suka yi saɓani. Na zauna a gurbin da babu ginshiƙi na yi kuka har na gaji. Ƙusar nan, Baffa, shekara ashirin da biyu a nan nake rataya tsintsiya. Ginshiƙan duk baƙi ƙirin suke da kunkunniya, ban taɓa kallon fuskarsa ba.

Da na karanta wa Morishita, ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Wato wani ya ƙi jin maganar maigidansa tun zamanin kakana, ni kuma aka bar wa ciwon kai." Inna tana gefe tana ji. Can da rana sai ta ce, "Kiyo sunanta? Shekara uku muna gida ɗaya bai taɓa faɗa ba."

Mun hau ƙauye ni da Morishita da mutum biyu. An sare itatuwa duka, ban gane hanyar gidana ba sai da rijiya. Mun sami dutsen, yana ƙasa da sauran kamar yadda ka ce, mun sauko da shi mun binne. Rami yana jira.

Sai ga wasiƙarka ta 28. Zagin na karɓa, na cancanta. Amma na karanta ta sau huɗu ban ga inda ka ce za ka maido ba. Ka ce an cire taga an shigar da shi. An mayar da tagar?

Ba ni da bakin tambaya, ni na aika. In ba za ka iya rabuwa da shi ba, na fahimta, ƙanwarka ce. Morishita ya ce zai haɗa sirara biyu ya ɗaure da ƙarfe, amma bai yarda ya dube ni ba da yana faɗa. Ka dai gaya mana ɗaya, mu san abin da za mu yi kafin sama ta rufe.

Fumiyo

*

Nayoro, 10 ga Nuwamba

Fumiyo,

Ina lafiya. Ki ce wa yaron nan in ya ɗaure sirara biyu a ƙarƙashin azarar nan, sai na zo na ɗaure shi da su.

An mayar da tagar. Ba zan ɓoye miki ba, kwana goma sha ɗaya na riƙe shi ina sane da Toyo tana tari. Kullum in ce gobe. Babu kabarin da zan je, ba a sami gawar mahaifiyata da ta Kiyo ba, yanzu kuma kwarin ma ruwa zai sha. Abin kunya ne, amma haka aka yi.

Shekaranjiya, kafin wasiƙarki ta zo, na sa aka sake cire tagar. Na wasa zartona, na auna, na yanke taƙi guda daga ƙafarsa. Ni na ce kada kowa ya yanke, ban ce har da ni ba. Guntun da nu na uku ke jiki yana wurina, inda muke kunna wa mamata turare. A sabon yankan na rubuta ho na uku. Rubutun ya ɗan karkace, amma ana karantawa. Maigidana ya jira shekara hamsin da bakwai kafin in ji maganarsa.

Yanzu tsawonsa ɗaya da 'yan'uwansa, ƙafarsa a daidaice, zai zauna kan siminti kamar kowa. Ku ciro dutsen ku cike ramin. Yana cikin jirgi tun ranar. In ya iso, ki riƙe hannuwanki a baya, kada ki aika shi ko'ina.

Genzaburo

*

Filin Ono, 4 ga Disamba

Baffa,

Gaisuwa daga cikin gida. Ina rubutu kusa da murhu, ƙanƙara tana sauka tun shekaranjiya, ta kai gwiwa. Rumfar ta rushe jiya da safe, babu kowa a ciki sai tsofaffin tukwane biyu.

Ginshiƙin ya riga wasiƙarka isowa da rana ɗaya. Muka tsai da shi kan dutsen da muka sha wahalar binnewa, sai ya zo a gajarce da taƙi guda. Morishita ya zauna a ƙasa ya ce, "Na rantse itacen nan da rai. Ya tafi da tsawo ya dawo gajere, ya tafi nu ya dawo ho. Ni na bar kafinta." Washegari muka karanta bayaninka, muka tone abin da muka binne, aka zuba siminti. Ran 23 azara ta hau, ta zauna ko tsinke ba zai ratsa ba. Ya ce in gaya maka awonka daidai ne, halinka ne dai ba ya so.

Da za a juya tsofaffin ramukan wajen bango, Inna ta fito da bargo a kafaɗa ta ce, "Kai Morishita, juyo da shi. Yarinyar ta gaji da kallon bango." Ya ce ramuka za su fito fili, ta ce fuskarta ma ramuka ne, ba wanda ya juya ta. Tsagin nan bakwai yanzu suna kallon murhu. Na cire ƙusar, tsintsiya ta koma bayan ƙofa. Tarin bai tafi ba, amma jiya ta ci shinkafa kwano guda, ta kuma ce mini miyata ba gishiri.

Saura abu ɗaya da ban san yadda zan yi da shi ba, dutsen. Yana nan bakin ƙofa, ƙanƙara ta rufe shi. Morishita ya ce duk duniya babu abin da zai zauna a bayansa daidai sai guntun da ke wurinka. Kada ka tsorata, ba zan aiko ba, na daina kai kaya tasha. Inna ta ce in rubuta haka, ba ragi: tsohon banza ya ɗauko guntun ya zo da bazara, kafin ruwa ya hau, a kai shi ya ga kwarin. Ɗakin bayan murhu yana nan inda ka bar shi.

'Yarka,
Fumiyo